In Wuta Ta Ɗauke Kwamfuta Na Tsakiyar Rubutu

A wannan wata za mu taɓo wata magana ce da ta shafi mai kwamfuta, da mai wayar hannu, har da wanda abin da ya mallaka bai wuce ɗan filash a aljihu ba. Maganar kuwa ita ce, me ke samun abin da muka ajiye a cikin na'ura idan wuta ta ɗauke, ko batir ya mutu, ko na'urar ta sandare, alhali tana tsakiyar rubutu?

Mu nan ba sai an ba mu labarin ɗaukewar wuta ba. Duk wanda ya ga shekarun dumsor a Ghana, musamman 2015, ya san yadda ake zaune ana aiki sai kawai a ji ɗif. Abin da ke cikin na'urorin nan kuwa ba na wasa ba ne: sakamakon jarrabawar yara, da lissafin kanti, da kundin da ɗalibi ya yi shekara yana rubutawa, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Duk da haka, sau da yawa in wuta ta dawo sai mu ga kwamfuta ta tashi garau kamar ba abin da ya faru. To, wannan ba sa'a ba ce. Wata dabara ce da masana suka daɗe suna gogewa, kuma wanda ya fahimce ta zai san inda take kare shi da inda kariyarta ta tsaya.

Mu ɗauki faifan kwamfuta a matsayin babban sito irin na 'yan goro. An yanka shi gurbi-gurbi, kowane gurbi da lambarsa, kuma a yawancin na'urori kowanne yana cin bayit 4,096, wato kimanin haruffa dubu huɗu. Fayil ɗinka shi ne kayan da ka kawo ajiya. Amma sito ba ya tafiya da kaya kaɗai, sai da littattafan ofis. Akwai littafin masu kaya, inda aka rubuta cewa fayil kaza girmansa kaza, yana gurbi kaza da kaza. Akwai kuma taswirar gurabe, wadda ke nuna wanne ke cike wanne ke fanko. Sa'an nan akwai jerin sunaye, wanda da shi ake gane fayil in an zo nemansa. Wannan tsari gaba ɗaya shi ake kira tsarin ajiyar fayil, kuma su kansu littattafan ofis ɗin a cikin guraben faifan suke zaune.

Yanzu a ce ka ƙara shafi ɗaya a wasiƙarka, kamar mai kaya ya ƙaro huhu ɗaya. Aiki uku ya kama ke nan. A ajiye huhun a gurbi na 70, a rubuta a littafin masu kaya cewa gurbi na 70 naka ne, a kuma shafa wa gurbi na 70 baƙi a taswira. Faifai ba ya iya yin ukun nan a bugu ɗaya, sai ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta ɗauke bayan an ajiye huhu ba a rubuta kome ba, huhun ya bi ruwa, amma littattafai ba su saɓa wa juna ba, asarar ƙarama ce. In an shafa taswira ba a rubuta mai kaya ba, gurbi ya zauna a kulle babu mai shi. Mafi muni shi ne a rubuta maka gurbin a littafi, taswira kuwa tana cewa fanko ne. Gobe sai a ba wani wannan gurbi, ya zuba kayansa a kan naka, kuma ba wanda zai sani sai ranar da ka buɗe wasiƙarka ka tarar da rabin hoton wani a ciki.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara dagula lamarin. Faifai nawa gare shi in an kwatanta da ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda haka kwamfuta ba ta zuwa faifai duk lokacin da za ta gyara abu. Sai ta kwafo shafin da take so a kan wani wuri a ƙwaƙwalwarta, wanda masana ke ce wa bafa. Mu a nan bari mu kira shi allo, domin halinsu ɗaya da allon aji: rubutu a kansa da sauri, gyara da sauƙi, amma ba ya daɗewa. A kan allon take yin gyare-gyarenta, sai can daga baya ta mayar da shi faifai. A tsarin Linux allo kan iya jira kimanin daƙiƙa 30 kafin a waiwaye shi. Da wuta ta ɗauke kuwa, duk allunan an shafe su tas. Ke nan a kowane lokaci akwai abubuwan da kai kana ganin an ajiye, alhali suna kan allo ne kawai.

A da, maganin da aka sani shi ne bincike. In na'ura ta mutu ba shiri, da ta tashi sai a bi sito gurbi-gurbi ana gwada littattafai da juna. A tsarin Unix shirin da ke wannan aiki sunansa fsck. Waɗanda suka yi zamanin Windows 95 da 98 kuwa za su tuna da shuɗin shafin nan na ScanDisk da ke tare mutum yana jan kunne a kan rashin kashe na'ura yadda ya kamata. Abin da aka tsinta babu mai shi sai a tara a wani akwatin tsintuwa, mai na'ura ya je ya duba ko zai gane nasa. Da faifai suka yi ta girma sai binciken ya koma cin sa'o'i, ga shi kuma gyaran da yake yi sau da yawa cinta ce kawai.

Daga nan ne aka aro dabarar masu manyan rumbunan bayanai, irin waɗanda bankuna ke dogaro da su. Dabarar ita ce a keɓe wani yanki na faifai a mayar da shi littafi na musamman, wanda ake kira jonal. Mu ce masa littafin niyya, domin abin da za a yi ake fara rubutawa a cikinsa kafin a yi. Kamfanin IBM ya fito da tsarinsa mai suna JFS a 1990, Microsoft ya biyo da NTFS a 1993, Silicon Graphics kuma da XFS a 1994. A ɓangaren Linux, wani masani mai suna Stephen Tweedie ya bayyana tsarinsa a 1998, aka shigar da shi da sunan ext3 a watan Nuwamba 2001. Magajinsa ext4 ya kammala a Disamba 2008, kuma tun 2010 ya shiga wayoyin Android. Saboda haka mai yiwuwa wayar da ke aljihunka tana tafiya da irin wannan littafi ba ka sani ba.

Ga yadda abin yake. Magatakarda ba zai taɓa littattafan ofis ba tukuna. Sai ya tara gyare-gyaren da suka danganci juna ya ɗaure su dami guda, ya kwafe damin a littafin niyya: shafi kaza na littafin masu kaya zai koma haka, shafi kaza na taswira zai koma haka. Sai ya jira ya tabbata rubutun ya zauna a faifai. Sa'an nan ya buga hatimi a ƙarshen damin, wato wani ɗan gurbi guda da ke shaida cewa damin ya cika. Bayan hatimi ne zai bi littattafan ofis yana gyara su a tsanake. In ya gama, sai ya soke damin daga littafin niyya don a sami wurin wani.

To, yanzu wuta ta ɗauke duk lokacin da ta ga dama. In kafin hatimi ne, da na'ura ta tashi za ta ga dami babu hatimi, sai ta watsar da shi, littattafan ofis kuwa daman ba a taɓa su ba. In bayan hatimi ne, sai ta sake kwafe damin gaba ɗaya zuwa gurabensa. Ko an riga an kwafe rabi ba laifi, domin a ext3 da ext4 littafin niyya ba ya cewa a ƙara ɗaya ko a rage biyu, cewa yake yi shafi kaza ga yadda zai kasance. Ko sau goma aka maimaita, sakamakon ɗaya ne. Ko dai aikin ya tabbata duka, ko kuma kamar ba a fara ba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Binciken sa'o'i kuwa ya koma na 'yan daƙiƙoƙi, tun da littafin niyya kaɗai za a karanta.

Jin wannan sai mutum ya ce ai abin da sauƙi. Wahalar tana wurin allunan nan. Littafin niyya ba ya amfani sai an kiyaye wane allo ne zai tafi faifai, da yaushe, da kuma a wane hali. Ƙa'idodi huɗu ne suka riƙe ginin, kuma in ɗaya ta karye, hatimi ya zama ado.

Ta farko, allon da aka gyara ba ya komawa gurbinsa na asali sai an buga wa daminsa hatimi. A cikin kwamfuta akwai wani ma'aikaci, kamar ɗan dako, wanda aikinsa shi ne kwashe allunan da suka daɗe ya kai faifai, musamman in ƙwaƙwalwa ta cika ana neman wuri. In aka bar shi da kansa, zai iya ɗaukar shafin taswira da aka gyara ya kai gurbinsa tun dami bai cika ba. Wuta na ɗaukewa sai a watsar da damin, amma rabin aikinsa ya riga ya shiga littattafan ofis, an koma gidan jiya. Don haka duk allon da ya shiga dami sai a riƙe shi, a hana ɗan dako taɓa shi har sai hatimi ya sauka.

Ta biyu ta fi ta farko wuyar gani. A ext3 da ext4, in ba a canja tsarin ba, duk bayan daƙiƙa 5 ake rufe dami a fara kwafe shi. Amma ba a rufe sito don ana kwafe dami, masu kaya na ci gaba da zuwa, ana kuma tara nasu gyaran a sabon dami. To, shafin taswira ɗaya ne kowa ke bukata. A ce ana cikin kwafe shi a littafin niyya da sunan tsohon dami, sai sabon aiki ya zo ya yi rubutu a kansa. Abin da zai shiga ƙarƙashin hatimin tsohon dami ya haɗa da guntun aikin da bai cika ba ke nan. Mu malaman makaranta mun san irin wannan: malami ya goge rabin allo ya fara sabon darasi yara ba su gama kwafa ba, sai ka ga littafin yaro rabi lissafi rabi tarihi. Maganin da aka yi shi ne, babu mai taɓa allo sai ya nemi izni daga mai kula da littafin niyya. In allon na cikin damin da ake kwafewa, sai a yi kwafinsa yadda yake a ajiye gefe. Wannan kwafi da ba ya canjawa shi zai tafi littafin niyya, sabon aiki kuma ya ci gaba a kan allon da ke hannu.

Ta uku ta shafi gurbin da aka saki. In an share fayil, ba a ba wani gurabensa sai an buga wa sharewar hatimi, domin in wuta ta ɗauke kafin nan fayil ɗin zai dawo, kuma dole ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Akwai kuma wani tarko a nan. A ce gurbi na 70 shafin jerin sunaye ne, kuma kwafinsa na nan a wani dami mai hatimi da ba a riga an soke ba. Sai aka share wannan jeri, daga baya aka ba da gurbin ga wasiƙarka. In wuta ta ɗauke, mai maimaita littafin niyya zai ga tsohon damin da hatiminsa lafiya lau, ya kwafe tsohon jerin sunaye a kan wasiƙarka, yana ganin gyara yake yi. Saboda haka aka ƙirƙiro takardar sokewa, wadda ke shiga littafin niyya tana cewa duk wani tsohon kwafi na gurbi na 70 kada a maimaita shi. Shi ya sa a Linux sau uku ake karanta littafin in an tashi daga haɗari: a gano farkonsa da ƙarshensa, a tara takardun sokewa, sa'an nan a maimaita abin da ya rage.

Ta huɗu kuwa, kada a gaskata faifai don kawai ya ce ya gama. Shi ma faifai yana da nasa ɗan allon a ciki. Yakan karɓi rubutu ya ce an ajiye alhali yana riƙe da shi, kuma yakan sauya jerin aikin yadda zai fi masa sauri. In aka yi sake, hatimi zai iya riga dami sauka, a wayi gari da hatimi a kan shafukan da ba su iso ba. Don haka kafin hatimi sai a ba faifai umarni na musamman cewa ya zazzage duk abin da ke allonsa, a kuma jira ya amsa. A ext4 an ƙara da wani lissafi da ake yi a kan abin da aka rubuta a ajiye sakamakon tare da shi. In an zo maimaitawa sai a sake lissafin, in bai yi daidai ba an san damin ya gurɓace, ba za a yi aiki da shi ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafarmu. Wannan kariya duka, a yadda yawancin na'urori ke zuwa, littattafan ofis take karewa, ba kayan da ke cikin huhu ba. Haka NTFS yake, haka ma ext4. Ana iya sa ext4 ya riƙa bi da kayan ma ta littafin niyya, sai dai kome za a rubuta shi sau biyu, aiki ya yi nawa. Abin da aka fi bi shi ne matsakaicin tsari: a tabbata huhu ya sauka a gurbinsa kafin a buga hatimin da ke cewa gurbin naka ne. Wannan yana hana ka buɗe fayil ka tarar da tarkacen wani. Amma bai yi maka alkawarin cewa abin da ka rubuta daƙiƙa goma da suka wuce yana nan ba.

Abin da ya faru a farkon 2009 ya isa darasi. Masu gwajin Ubuntu 9.04 da ke amfani da ext4 suka fara kukan cewa in na'ura ta mutu ba shiri, sai su tarar da wasu fayilolinsu fanko, ko harafi ɗaya babu. Da aka bincika, sai aka ga shirye-shirye da yawa sun saba da wata hanya: su rubuta sabon fayil, su ɗora masa sunan tsohon, ba tare da sun nemi a tabbatar kayan sun sauka a faifai ba. A zamanin ext3 wannan bai cika jawo asara ba, domin kayan kan sauka kafin hatimi. Shi kuwa ext4, don neman sauri, yakan jinkirta zaɓa wa sabon kaya gurbi. Sai canjin suna ya sami hatimi, kayan kuwa suna kan allo. Wuta na ɗaukewa, tsoho ya tafi, sabo bai iso ba, littattafan ofis kuma daidai suke ba kuskure ko ɗaya. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya nuna cewa akwai umarnin da ake kira fsync wanda ya kamata masu shirye-shirye su riƙa bayarwa in suna son tabbaci. Su kuma suka ce tsarin ajiya ne ya kamata ya lura da al'adar da kowa ke bi. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe a Linux 2.6.30, wanda ya fito a Yuni 2009, aka sa ext4 ya riƙa gane wannan hanya yana sauke kayan tukuna.

To, me ya rage a wuyanmu? Na farko, mu sani cewa yawancin filash da katin memori suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT, kuma waɗannan biyun ba su da littafin niyya sam. Ɗan umarnin nan na cire filash lafiya da muke raina wa, ma'anarsa ita ce a zazzage alluna a rufe littattafai kafin a zare. Wanda ya fizge filash ana cikin kwafa, shi da kansa ya ɗauke wa sito wuta. Yara masu kai aiki shagon buga takardu su ne suka fi faɗawa wannan rami, iyaye da malamai sai mu riƙa tuna musu.

Na biyu, mai kwamfutar tebur, musamman a kanti ko ofishin makaranta, ya yi ƙoƙarin sayen ɗan akwatin batirin nan da ke riƙe na'ura na 'yan mintoci in wuta ta ɗauke. Ba don a ci gaba da aiki ake sa shi ba, don a adana abin da ke hannu ne a kashe na'ura yadda ya kamata. Na uku, mu saba da danna adanawa a kai a kai, domin abin da ba a adana ba bai ko kai ƙofar sito ba, balle littafin niyya ya san da shi. In kuma na'ura ta tashi tana cewa tana duba faifai, a ƙyale ta ta gama.

Na ƙarshe, littafin niyya ba ya maganin faifan da ya mutu, ko ɓarawo, ko ƙwayar cutar kwamfuta, ko fayil ɗin da mutum ya share da hannunsa. A kan wannan ma shi mai biyayya ne, zai buga wa sharewar hatimi ya tabbatar da ita. Duk abin da rasa shi zai sa mu kuka, ya kasance yana da kwafi na biyu a wani wuri dabam, ba a cikin na'ura ɗaya ba, kuma ba a cikin jaka ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nan za mu dakata. Mai tambaya a kan wannan batu ya aiko ta hannun edita, za mu amsa gwargwadon iko. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.